Shirin Ɗan Kwangila a Hannu Mai Wuya na Wasan Birij

Birij wasan karta ne na mutum huɗu da suke zama biyu-biyu, kowa yana fuskantar abokin wasansa, kuma ana kiran kujerun da sunayen kusurwoyin duniya, Arewa da Kudu a ɓangare ɗaya, Gabas da Yamma a ɗaya ɓangaren. Tushensa wasan wist ne na Ingila, amma siffar da aka sani a yau ta kafu ne a kan tsarin maki da attajirin Amurka Harold Vanderbilt ya fitar a shekarar 1925. Ana raba kati 52, kowa ya sami 13, daga dangogi huɗu, wato mashi (♠), kubbi (♥), zi (♦) da ganye (♣), kuma a kowane dangi as (A) ne babba, sai sarki (K), sai sarauniya (Q), sai jak (J), sai goma har zuwa biyu. A kowane zagaye mutum ɗaya ne yake fara jefa kati, sauran su biyo shi ta hagu, kuma wajibi ne ga mai katin dangin da aka fara da shi ya bi da shi. Wanda katinsa ya fi girma a wannan dangin shi ya ci zagayen, kuma farawa ta gaba tana hannunsa. Kafin a soma jefawa ana yin gwanjo, inda kowane ɓangare yake tayin yawan zagayen da zai ci bayan shida na farko, tare da ambaton dangin yanka, wato dangin da ƙaramin katinsa yake doke babban katin kowane dangi idan mutum ya rasa abin bi, ko kuma a zaɓi yin wasan babu yanka. Tayin ƙarshe shi ne kwangila, don haka kwangilar uku babu yanka alkawarin cin zagaye tara ne, ta shida kuwa, wadda ake kira ƙaramin silam, alkawarin cin 12 ne daga cikin 13.

Wanda ya fara ambaton dangin kwangilar daga ɓangaren da ya ci gwanjo shi ne ɗan kwangila. Da zarar abokin hamayyar da ke hagunsa ya jefa katin buɗewa, sai abokin ɗan kwangila ya baje katunansa a fili a kan tebur ya janye daga wasan, kuma wannan hannun da aka baje, wanda ake kira shimfiɗa, ɗan kwangila ne yake sarrafa shi tare da nasa. Yana ganin kati 26 ke nan, sauran kuma, ban da katin buɗewa, suna ɓoye a hannun mutum biyun da ake kira masu tsaro. Duk tambayar da ake kira shirin wasa tana cikin wannan rashin gani ne: yadda mutum zai zaɓi hanya guda da za ta kai shi ga cika alkawari a mafi yawan yadda ɓoyayyun katunan za su iya kasancewa a rabe.

Marubutan fannin, tun daga Louis Watson, wanda littafinsa The Play of the Hand at Bridge ya fito a 1934, sun haɗu a kan cewa lokacin da ya fi kowane muhimmanci shi ne ɗan tsakanin baje shimfiɗa da jefa katin farko daga cikinta. Dalilin a bayyane yake, domin katin da aka jefa ba ya dawowa, kuma sau da yawa abin da ake ɓatawa a zagayen farko, kamar cin sa a hannun da bai kamata ba, ba ya nuna illarsa sai a zagaye na tara ko na goma, lokacin da gyara ya wuce. Tun ran gini ake zane. Ko da shimfiɗa tana da kati ɗaya tak a dangin da aka buɗe, wanda babu zaɓi a kansa, gwani yakan dakata ya kammala tunaninsa, kuma wannan dakatawar tana da wani amfani na biyu, domin tana hana masu tsaro gane inda matsalarsa take daga inda zai tsaya tunani daga baya.

Tunanin yana farawa da ƙidaya. A kwangilar babu yanka ana ƙirga zagayen da za a iya ci nan take ba tare da an saki farawa ba, a ga nawa suka rage, sannan a nemi dangin da zai samar da su; a kwangilar yanka kuwa an fi ƙirga zagayen da za a rasa, ana duba hannun da ya fi yawan katin yanka, sannan a nemi yadda za a yanke wasu a shimfiɗa ko a zubar da su a kan wani dangi mai ƙarfi. A hannu mai wuya ƙidayar biyu duka ake yi, domin akan sami hannun da mai ƙirga asara zai ga uku kawai a kwangilar huɗu ya saki jiki, alhali idan aka ƙirga abin ci tara ne kawai ba goma ba. Bayan ƙidaya sai tambayar da masu koyo suka fi mantawa da ita, wato me masu tsaro za su yi idan farawa ta faɗa hannunsu, kuma wane ne daga cikinsu zai fi yin ɓarna. Misali zai bayyana wannan.

Arewa (shimfiɗa): ♠ 6 5 ♥ K 7 3 ♦ A J 10 9 4 ♣ Q 8 2
Kudu (ɗan kwangila): ♠ A 8 3 ♥ A 6 2 ♦ Q 8 3 ♣ A K 5 4

Kwangilar uku ce babu yanka, kuma Yamma ya buɗe da sarkin mashi, wanda a al'adar wasan yake nuna yana da sarauniya da jak a bayansa. Abin ci nan take bakwai ne: ɗaya a mashi, biyu a kubbi, ɗaya a zi, uku a ganye. Biyun da suka rage daga zi za su fito, ta hanyar dabarar da ake kira tarko, wato jefa kati ta gaban mutumin da ake fatan yana riƙe da babban katin da ya ɓace, ta yadda idan ya fito da shi wanda ya fi shi yana jira a bayansa. Kudu zai jefa sarauniyar zi. Idan sarkin yana wurin Yamma ya shiga tsakaninta da as ɗin shimfiɗa, idan kuma yana wurin Gabas zai ci zagaye ɗaya, sauran huɗun su zama na Kudu. Abin lura shi ne Gabas kaɗai ne zai iya karɓar farawa ta wannan hanya, kuma haɗarin yana ga Yamma, wanda wataƙila yake da mashi biyar. Idan Kudu ya ci zagayen farko da as, Gabas zai shiga da sarkin zi yana da sauran mashi a hannu, ya miƙa wa abokinsa, su ci huɗu a mashi da ɗaya a zi, kwangila ta faɗi. Maganin shi ne jinkirin as, a bar musu zagaye biyu na farko a ci na uku. Mashi takwas ne a hannunsu. Idan sun rabu biyar da uku, Gabas ba shi da sauran ko ɗaya lokacin da ya shiga, idan kuma huɗu da huɗu ne, iyakar abin da za su ci shi ne mashi uku da zi ɗaya, tara kuma ta tabbata.

An taƙaita wannan a wata ƙa'ida da ake koya wa sababbi, cewa a cire yawan katin dangin da ke hannu da shimfiɗa daga bakwai, abin da ya rage shi ne sau nawa za a yi jinkiri, kuma a nan bakwai a cire biyar ya ba da biyu, daidai da abin da lissafi ya nuna. Sai dai ƙa'idar tana cutar da wanda ya riƙe ta ba tare da dalilinta ba. Da a ce as kaɗai ke tsare kubbi, Yamma mai basira zai karɓi kyautar zagaye biyu a mashi sannan ya juya zuwa kubbi, ya fitar da as, Gabas kuma ya shiga da sarkin zi ya ci kubbin da aka share masa hanya. Haka kuma da manyan zi suna hannun Kudu ne, ta yadda tarkon zai faɗa wa Yamma idan ya gaza, jinkirin ba zai raba masu tsaro da komai ba, tunda mai dogon mashin ne da kansa zai shiga. Abin da ya kamata a riƙe shi ne manufar, wato yanke hanyar da ke tsakanin hannayen masu tsaro biyu, sannan a duba ko wannan hannun yana buƙatarta.

Idan hanyoyi suka yi yawa, ma'aunin da ake gwada su da shi shi ne lissafin yiwuwa, wanda masanin lissafi na Faransa Émile Borel da gwanin dara André Chéron suka yi masa cikakken littafi a 1940. Adadin da ɗan wasa yake buƙata a ka ba su da yawa. Idan kati biyar na wani dangi suna wurin masu tsaro, suna rabuwa uku da biyu a kusan kashi 68 cikin 100, huɗu da ɗaya a kashi 28, biyar da babu a kashi 4. Idan shida ne, huɗu da biyu ya fi yawa da kusan kashi 48, uku da uku kuwa bai wuce kashi 36 ba. Idan huɗu ne, uku da ɗaya yana da kusan kashi 50, biyu da biyu kashi 41, huɗu da babu kusan kashi 10. Abin da ake gani a ciki shi ne adadi mara yakan rabu kusan daidai, adadi cika kuma, in ban da biyu, yakan karkata gefe ɗaya. Tarko guda, idan babu wani bayani, kashi 50 ne. Daga nan mutum zai iya ganin cewa dogaro da rabuwar uku da biyu ya fi tarko, tarko kuma ya fi dogaro da uku da uku.

Sanin wace dama ce ta fi girma rabin aikin ne kawai, kuma rabin da ya fi sauƙi. Abin da yake raba gwani da matsakaicin ɗan wasa shi ne jera damarmakin a tsarin da gazawar ta farko ba za ta rufe ƙofar ta biyu ba.

Arewa: ♠ 7 2 ♥ K Q 4 ♦ K J 8 6 3 ♣ A Q 5
Kudu: ♠ A 6 ♥ A J 7 3 ♦ A 5 4 ♣ 8 6 4 2

Nan ma uku ce babu yanka, an kuma buɗe da mashi. Masu tsaro suna da mashi tara, don haka galibi kowane jinkiri aka yi duk biyun za su saura da shi, kuma duk wanda ya karɓi farawa za su kammala zagaye biyar. Abin ci takwas ne, ɗaya a mashi, huɗu a kubbi, biyu a zi, ɗaya a ganye, kuma akwai tarko biyu da kowanne zai iya ba da na tara, jak ɗin zi a kan sarauniya ko sarauniyar ganye a kan sarki. Wanda ya zaɓi ɗaya ya gwada ya sa kwangilarsa a kan kashi 50, domin idan ya gaza ba zai sake samun farawa ba sai an gama da shi. Hanyar da ta fi ita ce a fara cin sarki da as na zi ba tare da tarko ba, a ga ko sarauniyar za ta faɗo. Tana faɗowa idan ita kaɗai ce a hannun mai ita ko tana da abokin zama ɗaya kawai, kuma hakan yana faruwa a kusan kashi 33. Idan ta faɗo, jak ya zama na tara ba tare da an saki farawa ba. Idan ba ta faɗo ba, tarkon ganye yana nan bai tafi ko'ina ba, kuma zai yi nasara a rabin kashi 67 ɗin da suka rage. Jimilla kusan kashi 66, wato biyu cikin uku maimakon ɗaya cikin biyu, da katunan nan dai. Dalilin da ya sa ake gwada faɗowa a zi a ajiye tarko a ganye shi ne faɗowar sarauniya daga cikin kati biyar abu ne mai yiwuwa sosai, faɗowar sarki shi kaɗai daga cikin shida kuwa da wuya ake ganinta.

Akwai wani ƙaramin abu a wannan hannun da yake nuna nauyin mashiga, wato katin da ke ba da damar ƙetarawa daga hannu zuwa shimfiɗa ko daga shimfiɗa zuwa hannu. Tarkon ganye dole daga hannun Kudu za a jefa shi, don haka sarkin zi ake fara ci sannan as, domin a ƙare a inda ake so. Wanda ya riga ya ci kubbinsa huɗu, sannan ya juya tsarin ya fara da as ɗin zi, zai tarar da kansa a shimfiɗa ba hanyar komawa, dole ya jefa ganye daga ƙarƙashin as da sarauniya, shiri mai kyau ya lalace saboda jerin kati biyu. Kuskuren mashiga yana da yawa a teburin masu koyo, kuma kusan dukkansa ana iya hango shi tun kafin a taɓa katin farko.

Mataki na gaba ya wuce jera damarmaki, domin a wasu hannayen ana iya kawar da buƙatar zato gaba ɗaya ta hanyar tilasta wa masu tsaro su buɗe dangin da ake tsoro.

Arewa: ♠ K 10 8 4 ♥ A 7 3 ♦ K 10 4 ♣ A 6 5
Kudu: ♠ A Q J 9 6 ♥ K 5 ♦ A J 3 ♣ K 8 2

Kwangilar shida ce, mashi ne dangin yanka, kuma Yamma ya buɗe da sarauniyar ganye. Abin ci 11 ne, biyar a mashi da bibbiyu a sauran dangogin uku. Zagaye ɗaya a ganye asara ce da babu makawa, don haka ba za a iya rasa komai a zi ba, inda sarauniya ta ɓace kuma ana iya ɗana mata tarko ta kowane gefe, da jak a kan Gabas ko da goma a kan Yamma. Zaton wanda yake da ita kashi 50 ne. Shirin da ya dace shi ne a ci zagayen farko, a zare katunan yanka na masu tsaro, a ci sarki da as na kubbi, a yanke kubbi na uku a hannu, a ci babban ganyen da ya rage, sannan a jefa ganye na ƙarshe a bar musu shi da gangan. A wannan lokacin kati huɗu-huɗu ko biyar-biyar suka rage, kuma hannun Kudu da shimfiɗa kowanne yana da zi uku da aƙalla katin yanka ɗaya, ba kubbi ba ganye. Wanda ya ci zagayen, ko Gabas ko Yamma, yana tsakanin abu biyu. Idan ya jefa zi, Kudu zai saka ƙarami daga hannun da ke bi masa, sarauniyar kuma ko ta fito a doke ta, ko ta ɓuya jak ko goma ya ci. Idan ya jefa kubbi ko ganye, za a yanke a hannu ɗaya a zubar da zi daga ɗayan, asarar ta tafi. Wannan dabara, wadda ake kira sharewa da jefa farawa, tana buƙatar katin yanka ya saura a hannayen biyu, kuma hakan yana samuwa idan mashin huɗu da ke waje sun rabu biyu da biyu ko uku da ɗaya, wato kusan kashi 90. A sauran kashi 10, inda duk huɗun suke hannu ɗaya, zaton sarauniyar yana nan a matsayin madogara ta ƙarshe, don haka jimillar ta kai kusan kashi 95. Yanke kubbi na uku bai ƙara zagaye ko ɗaya ba, tunda da katin yanka na dogon hannu aka yi shi, wanda dama zai ci. Amfaninsa kawai shi ne rufe wa masu tsaro mafita, kuma wanda bai tsara ƙarshen hannun tun farko ba ba zai ga dalilin yin sa ba.

Kafin a ce wata hanya ita ce daidai, sai an san irin makin da ake wasa a kansa. A gasa ana raba katuna iri ɗaya a tebura da yawa domin a rage tasirin sa'a, kuma ana auna sakamako ta hanya biyu. A wasan ƙungiya ana kwatanta tebur biyu a juya bambancin zuwa makin gasa: cin uku babu yanka a yanayin da ake kira mai rauni, inda lada da tara suke ƙaruwa, yana ba da 600, faɗuwa da zagaye ɗaya tara ce ta 100, bambancin 700 kuma yana zama maki 12, alhali ƙarin zagaye ɗaya a kan alkawari, mai darajar 30, maki ɗaya ne kawai. A irin wannan wasa hankali yana kan tsare kwangila, kuma a nan ne wasan riga-kafi yake da daraja, wato sadaukar da damar ƙarin zagaye domin kariya daga mummunar rabuwa. Misalinsa sananne shi ne A J 3 2 a hannu da K 9 5 4 a shimfiɗa idan uku ake buƙata: a ci as, a jefa ƙarami zuwa shimfiɗa, idan na hagu ya bi da ƙarami a saka tara, idan ya rasa a saka sarki a dawo da ƙarami zuwa jak, kuma uku sun tabbata ko yaya katunan suka rabu. A wasan biyu-biyu kuwa, inda ake kwatanta sakamakon kowane tebur da na duk sauran, ƙarin zagaye ɗaya yana iya ɗaga mutum daga tsakiya zuwa sama, don haka a kwangilar da kowa zai kai gare ta sau da yawa ya fi kyau a ɗana tarkon jak a nemi huɗu.

Duk adadin da aka ambata na kafin a san komai ne, kuma suna sauyawa da kowane bayani da ya fito daga gwanjo ko daga jefawa. Akwai ƙa'idar da ta ce mai kati tara da ya rasa sarauniya ya ci as da sarki ya jira faɗowarta, mai takwas kuma ya ɗana tarko. Ga mai tara, fifikon faɗowa a kan tarko kusan 52 ne da 48, tazarar da ƙaramin bayani ya isa ya juya ta. Idan Yamma ya yi tayin da ke nuna kati bakwai a wani dangi, Gabas kuma aka gane yana da biyu a cikinsa, to guraben da suka rage wa sauran dangogi shida ne a hannun Yamma, 11 a hannun Gabas, kuma duk katin da ya ɓace ya fi kusa da zama wurin Gabas da ma'aunin 11 da shida. Haka ma ƙidayar ƙarfi da Milton Work ya yaɗa, Charles Goren kuma ya ƙara mata shahara, inda as yake huɗu, sarki uku, sarauniya biyu, jak ɗaya, jimilla 40: mutumin da ya ƙi buɗe gwanjo, wanda yawanci ake buɗewa da 12 ko 13, sannan aka ga ya riga ya nuna 10, da wuya a sami wata sarauniya a hannunsa. Saboda haka gwani yakan jinkirta zaton da ba makawa har ƙarshe, ya fara jefa sauran dangogin yana ƙirga abin da kowa ya bi da inda kowa ya rasa, har siffar hannayen biyu ta fito, wani lokaci zaton ya koma tabbas.

Mafi zurfin irin wannan karatun shi ne abin da ake kira ƙuntataccen zaɓi, wanda Alan Truscott ya fara jawo hankali gare shi, Terence Reese kuma ya bayyana shi a The Expert Game a 1958. A ɗauka shimfiɗa tana da A 10 8 6 4, Kudu yana da K 9 5 2, sarauniya da jak da ƙanana biyu suna waje. Kudu ya ci sarki, Gabas ya jefa jak. Kudu ya jefa ƙarami, Yamma ya bi da ƙarami, sai tambaya ta taso ko a saka as a jira sarauniyar ta faɗo daga Gabas, ko a saka goma. Kafin wasa, samun Gabas da sarauniya da jak su biyu kaɗai ya ɗan fi samunsa da jak shi kaɗai, kusan 6.8 da 6.2 cikin 100. Amma mai jak shi kaɗai dole ne ya jefa shi, mai duka biyun kuwa yana da zaɓi, kuma a rabin lokaci sarauniyar zai jefa, don haka ganin jak ya rage nauyin wannan yanayin zuwa rabi, kusan 3.4. Saka goma ya fi da kusan biyu da ɗaya. Mutane da yawa suna ƙin yarda da wannan a karon farko, amma lissafin a tsaye yake, kuma yana aiki a duk inda mai tsaro ya jefa ɗaya daga kati biyu masu daraja ɗaya.

Matsi, wato tilasta wa mai tsaron da ke gadin dangi biyu ya saki ɗaya saboda ba shi da abin zubarwa, shi ne dabarar da ta fi jan hankalin masu karatu, kuma Clyde Love, malamin lissafi a Jami'ar Mishigan, ya tsara sharuɗɗansa a Bridge Squeezes Complete a 1959. Sharaɗin da ya shafi shiri shi ne a mafi yawan nau'o'insa sai ɗan kwangila yana iya cin duk zagayen da suka rage ban da ɗaya, don haka yakan saki zagayen da zai rasa tun da wuri domin hannun mai tsaro ya ƙuntata. Ana ba matsi girman da ya wuce yawan aukuwarsa. Kwangilolin da suke faɗuwa saboda rashin ƙidaya da ɓarnar mashiga sun ninka waɗanda suke faɗuwa saboda rashin sanin matsi, kuma mai koyo da ya fara da shi ya fara daga inda ribar ta fi ƙanƙanta.

Kwamfuta ta ƙara haske a kan abin da shiri yake nufi. Manhajar GIB ta Matthew Ginsberg ta shiga gasar warware hannaye masu wuya a Lil ta Faransa a 1998 tare da manyan gwanayen duniya, ta zo ta 12 cikin 35, kuma a watan Maris na 2022 a Paris manhajar NooK ta kamfanin NukkAI ta fi zakaru takwas a rukuni 67 daga cikin 80 na hannaye goma-goma, ko da yake babu gwanjo a gwajin, duk kwangilolin uku ne babu yanka, kuma wata manhaja ce take tsaro. Hanyar da manhajojin farko suka dogara da ita ita ce su raba ɓoyayyun katunan sau da yawa ta yadda ya dace da gwanjon, su warware kowace rabuwa kamar ana ganin hannayen huɗu, sannan su zaɓi katin da ya fi yawan nasara. Raunin wannan hanya sananne ne: tunda a kowace rabuwa da ta gwada tana ganin inda sarauniya take, takan ɗauka cewa za ta yi zato daidai idan lokacin ya zo. A hannun silam ɗin da ya gabata, irin wannan manhaja tana ganin zagaye uku na zi a matsayin tabbas a duk rabuwar da ta duba, don haka ba ta ganin fifikon share kubbi da jefa farawa a kan tarko kai tsaye, kuma tana iya lalata dabarar ba tare da lissafinta ya nuna asara ba. Sai da masu ƙera manhajojin suka ƙara hanyoyin da ke tilasta wa na'ura ta zaɓi tsari guda da za ta bi a duk rabuwar da ba za ta iya bambancewa ba, kafin wasanta a matsayin ɗan kwangila ya kai matakin gwanaye.